Fargabar Rashin Lafiya Bayan Tiyata

Wannan lalura ita ce yawan tsoron cewa cuta ta dawo, alhali likita ya tabbatar an warke. Takan biyo bayan tiyatar haihuwa, gwaiwa ko yoyon fitsari. Ta fi kama wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa, ko aka yi wa aikin gaggawa, ko ya rasa mai jinya. Alamominta su ne rashin barci, faɗuwar gaba da yawan duba ɗinki.

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni na Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure da su tura masu wannan lalura asibiti, domin tana da magani. Amma zazzaɓi, mugunya ko zubar jini daga ɗinki ba fargaba ba ce. A garzaya asibiti nan take.