Gidan Ikoyi Da Shari'ar Ojukwu

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya. Dalili kuwa, a littafin da nake rubutawa akwai inda dangin miji suka fitar da bazawara da marayunta daga gida, alhali shari'ar tana kotun ɗaukaka ƙara. Da na tambayi wani lauya ko hakan na yiwuwa, sai ya yi dariya, ya ce ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya tsayar da hukunci, sai ka roƙi kotu daban ta dakatar da komai. Ya ce in binciki shari'ar Ojukwu.

Shi dai Ojukwu kun san shi, madugun Biyafara, haifaffen Zungeru, wanda ya riƙe bataliya ta 5 a Kano a 1966. Shagari ya yi masa afuwa ya dawo daga gudun hijira a 1982, ya shiga gidan mahaifinsa mai lamba 29 a titin Queen's Drive, Ikoyi. Gwamnatin Legas kuwa ta ce gidan yana cikin kadarorin da aka gudu aka bari lokacin yaƙi.

A 1985 ya roƙi babbar kotun Legas ta hana a fitar da shi. Da farko ta ba shi umarnin wucin gadi, daga baya ta ƙi. Ya ɗaukaka ƙara. To jama'a, magana na gaban alƙalai, sai gwamnatin soja ta jihar ta tura mutum wajen 150 da makamai suka fitar da shi.

Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a maida shi gidan. Gwamnati ba ta bi ba, amma ta garzaya Kotun Ƙoli tana roƙon a dakatar da wannan umarnin har a ji ƙararta. Ni nan ne abin ya fi ba ni mamaki, ka take kotu sannan ka koma wajenta neman alfarma!

Farkon 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi. Mai shari'a Kayode Eso ne ya jagoranci hukuncin, Oputa da Muhammadu Uwais na cikin alƙalan. Ba su ce gidan na Ojukwu ba ne, wannan shari'a ce daban. Cewa suka yi wanda ya ɗauki doka a hannunsa ba zai sami dakatarwa ba, ko da gwamnati ce, kuma lokacin soja ne ke mulki.

Bazawarar littafina dai na riga na sa lauyanta ya shigar da takardar roƙon dakatarwa.