Masana Lissafi Da Bashin Da Ya Kayar Da Su

'Yan uwana mata, yau tarihin wasu masana zan ba ku, don na ga akwai abin ɗauka a ciki ko da jarinki bai wuce na ƙuli-ƙuli ba.

A 1973 wasu malamai a Amurka, Fischer Black da Myron Scholes da Robert Merton, suka fito da lissafin da ake auna kasada da shi a kasuwar hannun jari. Ana duba yadda farashi ya saba hawa da sauka, sai a ƙiyasta kuɗin da ya dace a biya don samun kariya daga asarar da ka iya zuwa. A 1994 Scholes da Merton suka shiga kamfanin LTCM da John Meriwether ya kafa.

Dabararsu ita ce su nemo takardun bashi guda biyu masu kama da juna, su sayi mai arha, su sayar da mai tsada, su jira farashin ya daidaita. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, don haka sai suka riƙa ciwo bashi suna ƙara jari. Abin ya karɓe su: ribar kusan kashi 40 cikin 100 a 1995 da 1996, ga lambar Nobel ga Scholes da Merton a 1997. Farkon 1998 kowace dalarsu ɗaya tana ɗauke da bashin kusan dala 25.

Kwatsam a watan Agusta 1998 Rasha ta kasa biyan bashinta. Kowa ya firgita, farashin da ake jira ya haɗu sai ƙara nisa yake, masu bin bashi kuma suka taso. Cikin ƙasa da wata huɗu dala biliyan 4.6 ta salwanta. A Satumba, babban bankin Amurka reshen New York ya tara manyan bankuna 14, suka zuba dala biliyan 3.6 suka karɓe kamfanin.

Ni dai abin da na fahimta, lissafinsu da abin da aka saba gani aka gina shi, ranar tashin hankali kuwa ba ta bin sabo. Mai juya kuɗinta za ta iya haƙuri har kasuwa ta dawo. Mai juya na mutane, ana buga mata ƙofa tun kafin nan. Don haka 'yar uwa, kafin ki ɗauki kaya bashi ko ki shiga adashi uku lokaci ɗaya, lissafa ribar, sannan ki tambayi kanki: in wata biyu ba ciniki, da me zan biya? Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.