Ma'aunin saurin hawan sukari a jini: Abin da tuwo, fura da burodi ke yi wa jiki

Duk abinci mai sitaci, daga tuwo zuwa burodi, yana rikiɗa ya zama sukari bayan ya narke a ciki, sannan ya shiga jini. Bambancin shi ne saurin shigar. Ma'aunin da ke nuna wannan sauri shi ne likitoci ke taƙaitawa da haruffan GI. Dokta David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada ne suka fito da shi a 1981.

Yadda ake awon

Ana bai wa masu gwaji abinci mai ɗauke da sitaci giram 50, a bi diddigin sukarin jininsu na tsawon sa'o'i biyu, a kwatanta da tsantsar gulukos wanda aka ba maki 100. Abincin da ya samu 55 zuwa ƙasa yana shiga jini a hankali, 56 zuwa 69 matsakaici ne, 70 zuwa sama kuwa mai gaggawa ne.

A jadawalin da masana na Jami'ar Sydney suka wallafa a 2008, farin burodi ya samu kimanin 75, farar shinkafa 73, kunun gero 67, sukarin shayi 65, zuma 61, madara 39. Dangin wake galibi ba sa kai 40.

Me ya sa lamarin ke da muhimmanci

Idan sukari ya hau, jiki kan saki sinadarin insulin domin ya shigar da shi cikin tsoka da hanta. Idan ana yawan ɗora wa jiki wannan nauyi shekara da shekaru, musamman ga mai teɓa da ƙarancin motsi, sai jikin ya fara bijire wa insulin. Daga nan ne nau'i na biyu na ciwon sukari ke samun ƙofa, kuma sau da yawa yakan zo tare da hawan jini da yawan kitse a jini. In aka yi sakaci, yana taɓa ido, ƙoda, zuciya da jijiyoyin ƙafa.

Hatsi ɗaya, sakamako daban

A arewacin Zamfara, daga Kuryar Madaro da Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, gero da dawa da wake da gyaɗa su ne ginshiƙin noma da na tukunya. Amma sunan hatsi kaɗai ba ya yanke hukunci. Yadda aka sarrafa shi ne ke yi.

Surfe yana cire dusa, wadda ita ce ke rage saurin narkewa. Niƙa mai laushi a inji yana sa garin ya narke da wuri fiye da tsaki ko ɓarzajjen hatsi. Dahuwa mai tsawo da ruwa mai yawa ma tana ƙara sauri. Shi ya sa koko da kunu da aka tace suka fi dambu saurin tayar da sukari, ko da daga buhun gero ɗaya aka ɗebo su.

Mahaɗi ma yana da tasiri. Wake, gyaɗa, nono, nama da ganye irin su zogale, rama, kuka da kuɓewa suna jinkirta narkewar sitaci. Garau-garau mai wake da yawa ya fi zallar farar shinkafa sauƙi ga jini. Fura da nono haɗi ne mai kyau, amma cokulan sukarin da ake zubawa su ne ke rushe amfaninsa.

Yawan abinci

Ma'aunin GI ba ya duba yawan abin da aka ci. Saboda haka a 1997 masana a Jami'ar Harvard suka ƙara wani lissafi: a ninka makin abincin da giram ɗin sitacin da ke cikinsa, a raba da 100. Sakamakon 10 zuwa ƙasa kaɗan ne, 20 zuwa sama kuwa ya yi yawa. Kankana tana da maki 76, amma yanka mai giram 120 nauyinsa bai wuce 5 ba, domin galibinta ruwa ce. Dafaffiyar farar shinkafa giram 150 kuwa tana kusan 29.

Nan ne masu ciwon sukari da dama ke kuskure. Sukan bar shinkafa su koma tuwon alkama ko acca, su ci malmala biyu ko uku da tunanin magani ne. Waɗannan ma sitaci ne, kuma yawansu yana tayar da sukari. Haka zuma ba mafita ba ce daga sukari.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci

Manomin da ya wuni yana huɗa yana ƙone abin da ya ci. Wanda ya wuni zaune a shago ko ofis, ya karya da shayi da burodi, ya kora abincin rana da lemon kwalba, lissafinsa daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga baligi. Ta kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Ciwon sukari kan daɗe a jiki ba tare da alama ba, don haka gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da shi. Sakamakon 126 mg/dL zuwa sama kafin karin kumallo yana nuna cutar, idan gwaji na biyu ya tabbatar. Wanda yake shan magani ko allurar insulin kada ya rage abinci sosai ko ya daina magani sai da shawarar likita, domin faɗuwar sukari ƙasa da ƙima ma haɗari ce.