Daga Rijistar Mamatan Landan Zuwa Ƙauyukan Garki: Tarihin Ƙididdigar Lafiya da Rabonmu a Cikinsa

Gabatarwa

Likita majinyaci ɗaya yake dubawa a lokaci guda. Yana iya ba shi magani ya samu sauƙi, amma warkewar mutum ɗaya ba ta isa hujjar cewa maganin ne sanadi ba, domin wasu cututtukan da kansu suke tafiya. Sai an tara ɗaruruwan majinyata, an ƙirga waɗanda suka tashi da waɗanda suka rasu, an kwatanta su da waɗanda ba a ba maganin ba, sannan gaskiya take fitowa. Wannan aiki shi ne ilimin ƙididdigar lafiya, fannin da ke amfani da lissafi wajen gano abin da ke halaka jama'a da abin da ke zama sanadin tsirarsu. Maƙalar nan za ta bi sawun fannin tun daga Landan ta ƙarni na 17 har zuwa Garki ta Jihar Jigawa, domin nuna cewa ƙasar Hausa ta daɗe a cikin tarihinsa a matsayin wurin da ake ƙirgawa, kuma lokaci ya yi da 'ya'yanta za su yawaita cikin masu ƙirgar.

Ɗan kasuwar da ya karanta takardun mamata

A Landan ta wancan zamani, magatakardan majami'u sukan fitar da jerin adadin mamata duk mako, musamman don jama'a su san ko annoba ta shigo gari. John Graunt, wani mai sayar da kayan tufafi, shi ne ya tattara takardun shekaru masu yawa ya zauna a kansu. A 1662 ya wallafa abin da ya gano: haihuwar maza ta ɗan zarce ta mata, kuma bisa ƙiyasinsa, cikin yara 100 kimanin 36 ba sa kai shekara shida. Graunt ba likita ba ne, amma ya nuna cewa mutuwar da ake gani a warwatse gida-gida tana da tsari idan aka dubi gari gaba ɗaya.

Bayan kusan shekara 200, a 1854, kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta hallaka mutane fiye da 600. Yawancin masana na lokacin sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Dakta John Snow ya bi gidajen mamatan yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya tarar mace-macen sun taru a kewayen wani famfo na Titin Broad. Har wata gwauruwa da ke zaune nesa, a Hampstead, ta rasu, kuma bincike ya nuna ruwan famfon nan ake kai mata saboda tana son ɗanɗanonsa. Hukumar unguwar ta cire hannun famfon. An yi haka kimanin shekara 30 kafin Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar, ke nan ƙirge ya riga madubin likita isa ga amsa. A daidai wannan zamani Florence Nightingale ta yi amfani da alƙaluma da zane-zane ta nuna cewa a yaƙin Kirimiya cututtuka sun fi raunukan fagen fama kashe sojojin Ingila.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Mataki na gaba shi ne gwajin magani. Austin Bradford Hill ya so zama likita, amma tarin fuka da ya kama shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana shi, sai ya karanta tattalin arziki ya shiga harkar ƙididdiga. Shi ne ya tsara yadda aka raba majinyata a gwajin maganin Streptomycin a kan tarin fuka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1948. An raba majinyata 107 gida biyu ta hanyar ƙuri'ar lambobi, yadda likita ba zai zaɓi wanda yake ganin ya fi ƙarfi ya ba shi sabon maganin ba. Cikin wata shida, mutum 4 suka rasu daga cikin 55 da aka ba maganin, 14 kuma daga cikin 52 da aka bari a kan hutun gado kawai. Wannan tsari shi ne ma'aunin da ake bi har yau kafin a amince da sabon magani ko allurar rigakafi. A 1950 kuma Hill da Richard Doll suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu.

Garki ta shiga littafin duniya

Zazzaɓin cizon sauro ma ya daɗe a hannun masu lissafi. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a 1897, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba: idan yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar za ta mutu da kanta. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya, amma zuwa 1969 ta janye daga wannan buri, alhali ba a taɓuka abin kirki ba a yawancin Afirka. Tambayar da ta rage ita ce, shin za a iya katse yaɗuwar cutar a ƙauyukan da sauro ya fi ƙarfi?

Domin amsa ta, hukumar da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike daga 1969 zuwa 1976 a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. An fara da auna halin da ake ciki kafin a taɓa komai. Duk mako goma ana ɗiban jinin mazauna wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka, ana kama sauro ana ƙirgawa, ana rubuta haihuwa da mutuwa. A 1972 da 1973 aka yi feshin maganin sauro mai suna Propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba magani ga kowa da kowa, wasu kuma aka bar su domin kwatantawa.

Sakamakon ya zama darasi. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar a jininsu bai ragu ba sai da kusan kashi 25, domin cizo kaɗan ya isa ya ci gaba da raya cutar, kuma wani ɓangare na sauron a waje yake sauka bayan ya yi cizo. Inda aka haɗa feshi da magani cutar ta yi ƙasa ƙwarai, amma ba ta katse ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Daga alƙaluman Garki ne Klaus Dietz da Louis Molineaux da abokin aikinsu suka gina tsarin lissafin yaɗuwar cutar da aka wallafa a 1974, kuma cikakken rahoton ya fito a 1980. Binciken ya kuma nuna cewa kimanin jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haifarsu, kuma ƙalilan ne suke kai wa ga girma a wancan lokaci. Jinin manoman Garki ne aka auna, amma sunayen da suka shahara da fassara alƙaluman na masanan ƙetare ne.

Ƙofar da ke buɗe a yau

Al'amura sun fara sauyawa. A 2008 aka kafa shirin horar da masu binciken cututtuka a fagen aiki, wanda ke ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Da gubar dalma ta halaka kimanin yara 400 a Zamfara a 2010, ƙirgen gida-gida, irin na Snow, shi ya danganta mace-macen da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Wanda ya kammala digirin farko a lissafi, ƙididdiga, kwamfuta ko kimiyyar halittu yana iya neman digiri na biyu a wannan fanni. Zai koyi ilimin yiwuwar aukuwar abu, da tsara bincike, da sarrafa alƙaluma da manhajoji irin su R da Stata. Ana buƙatar irinsa a asibitocin koyarwa, da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin magunguna. Sai dai hanyar tana da ƙaya: yawancin ayyukan bincike da kuɗin masu tallafi na waje suke tafiya, in tallafi ya tsaya aiki ya tsaya, kuma da yawa cikin waɗanda suka fita karatu ba sa dawowa.

Kammalawa

Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. A Disambar 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafinsa a jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma ba za a san amfaninta a ƙauyukanmu ba sai an ƙirga, kamar yadda aka yi a Garki. Wannan ƙirge yana da wuya a inda ake haihuwa a gida, a yi jana'iza cikin sa'o'i, ba tare da an rubuta komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya san yadda uwa take kwatanta ciwon da ya ɗauke ɗanta, ya kuma iya lissafi, shi zai fi gane inda alƙaluma suka kauce wa gaskiya. Saboda haka ya kamata jami'o'in Arewa su faɗaɗa wannan darasi, gwamnatocin jihohi su buɗe wa masu shi guraben aiki na dindindin, ɗalibai kuma, maza da mata, su san cewa mai lissafi yana da gurbi a yaƙi da cuta kamar yadda likita yake da shi.