Oba-oba

Oba-oba ƙaramar na'urar rediyo ce ta hannu wadda ake magana da ita kuma a saurari amsa, ba tare da layin waya ko katin kira ba. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci da mai magana ke faɗa idan ya kai aya, don abokin zancensa ya san an bar masa fili.

Duk waɗanda suka saita na'urorinsu a kan tasha ɗaya suna jin juna lokaci guda. Sai dai magana bi da bi ake yin ta. Akwai maɓalli a gefen na'urar: muddin ɗan yatsa na kansa, kai ke watsa murya, kuma ba ka jin kowa sai ka sake shi. Idan mutum biyu suka danna tare, muryoyin kan cakuɗe, ko mai ƙarfin sigina ya danne ɗayan. Shi ya sa ba a jan zance a kanta.

Galibin waɗannan na'urori suna aiki a zangon VHF ko UHF. A cikin gari 'yan kilomita kaɗan suke kaiwa, domin gine-gine da duwatsu na tare siginar. Akan kafa na'urar maimaitawa a kan dogon ƙarfe ko tudu don ƙara nisa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu oba-oba ta yaɗu, inda sojojin Amurka suka riƙa goya samfurin SCR-300 na kamfanin Galvin, wanda daga baya ya koma Motorola. Yau 'yan sanda, masu gadi da 'yan kwana-kwana na riƙe da ita. A teku kuwa, tasha ta 16 aka ware wa kiran neman agaji.