Man giya da haidrolik a tarakta Massey Ferguson 135

A tarakta Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai guda ne ke yi wa giya, aksil na baya da famfon haidrolik mai ɗaga garma aiki. Idan ya lalace, duka ukun za su taɓu.

Ana duba shi da sandar awo, bayan an tsayar da taraktar a wurin da ba gangara, an sauke hannayen garma ƙasa. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, kuma ya kamata a canza shi.

Wajen canji, ana tsiyaye tsohon da ɗuminsa ta matosai biyu na ƙasa, a goge ɓurɓushin ƙarfen da ya manne musu, sannan a zuba sabo. Tana shan fiye da lita 20.