Wai Hausawa ba su taɓa ja da son kai ba?

Wani ya rubuta jiya wai mutanen Sin ne suka yi muhawara kan son kai da fifita dangi, mu kuwa sai dai mu faɗi mu ce ranka ya daɗe. Malam, ka tafka kuskure.

Sin sun yi nasu, ba musu. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce Mozi ya caccaki sarakunan da ke raba muƙami ga 'yan'uwa da attajirai da masu kyan fuska, shi kuwa Konfushiyas yana ganin ko uba ya saci tunkiya, bai dace ɗa ya tona masa asiri ba. To, ka zo Ƙofar Wambai a Kano, ka ratsa 'yan gwanjo, ka tambayi hanyar Sharifai. Nan Shehu Maghili ya sauka wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Littafinsa na nasiha ga sarki, Tajuddini, babi takwas ne, amma ni babin adalci ne ke tsuma ni. Idan mutum biyu suka kawo ƙara, a daidaita su wajen shigowa, da wurin zama, da magana, har da kallo. Har kallo fa, jama'a! Kada a saki fuska ga mai babbar riga, a ɗaure ta ga ɗan dako. Sarki ya zauna kullum inda mace da yaro za su kai kuka da bakinsu, ba sai sun bi ta hannun bafade ba. Ya binciki dukiyar hakimansa. Maghili yana kuma ta nanata cewa sarkin da ya ɓuya wa talakawansa ya jawo babbar masifa.

Af, masu ce masa ɗan Maroko, ku daina. Mutumin Tilimsan ne, Aljeriya ta yau, kabarinsa yana Tuwat. Kuma kada wani ya ce min an bi nasihar duka. Da an bi, da Shehu Usmanu bai zauna rubuta Kitabul Farƙ yana sukar gaisuwar da ake kai wa masu mulki ba.

Saura kun sani. Jihadi a 1804. NEPU a 1950, Malam Aminu da talakawa. Gwamna Rimi ya soke haraji da jangali a 1979.

Mai wancan rubutu, ka nemi Tajuddini ka karanta, sannan ka dawo mu gwabza.